Gadon Baba a Kantin Haberda

Brno, Oktoba 1930

Zuwa ga yayana Hynek,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Agnes da jaririn da har yau ba ka turo mana hotonsa ba. Mu nan lafiya, in ban da tarin Baba da ya dawo tare da sanyi. Ni ƙafafuna ne ke kumbura da yamma, amma wannan ciwon aiki ne, ba ya kisa.

Ka ce in ba ka labarin ginin da aka ɗora a kan gidanmu. To, an gama, an buɗe. Kantin Haberda ya haɗiye gidanmu da na masu burodi da na kusa da shi. Ba shi da bango, Hynek. Ginshiƙan siminti ne daga ciki, sauran duk gilashi ne daga ƙasa har sama, a kusurwa kuma gilashin ya lanƙwashe kamar gefen baho. Rufin a shimfiɗe yake, har kofi ake sha a kansa. Ba fure, ba mala'ika, ba gunkin waliyyi a saman ƙofa. Mai zanen, wani siririn saurayi mai tabarau, ya sa an rubuta a yarjejeniya cewa ba za a taɓa rataya labule ba. Matan Kasuwar Kabeji suna ce masa tankin kifi, mu da ke ciki kuma kifayen.

Sun cika alkawarin da suka ɗauka lokacin sayen gidan, sun ba ni aiki a bene na ɗaya, wajen gadaje da zannuwa.

Baba dai har yanzu bai yarda da sabon ɗakinmu na unguwar Husovice ba. Yana zama a bakin kujera da kwat a jikinsa kamar baƙon da ke jiran a sallame shi. Ba ya barci, dare ko rana. Wani lokaci yakan ce min Mama, wani lokaci ba ya ce min kowa. Tambayarsa ɗaya ce, yaushe za mu koma gida.

Ranar Alhamis bayan abincin rana ina ninke zannuwa, sai Bozka, abokiyar aikina, ta zungure ni.

"Tilka, dubi can. Wani kaka yana cire takalmi. Wanka zai yi mana?"

Na ɗaga kai, sai ga Baba. A ƙafa ya zo tun daga Husovice, ya hau matakala ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. A kusurwar nan mai lanƙwasa akwai gadon talla, irin sabon yayin nan na bututun ƙarfe mai ƙyalli, wanda ba mai saye don an ce ya yi kama da na asibiti. Baba ya jera takalmansa a ƙarƙashi, ya rataya falmaransa a jikin ƙarfen, ya ja bargo. Kafin in ƙarasa har ya yi nisa cikin barci.

Sai da na tsaya a kansa na gane. In mutum ya kwanta a wurin ta hannun dama, hasumiyar cocin Yakubu tana daidai inda take a tagar ɗakinsu shi da Mama. A ɗakinsa ya kwanta, bangon ne kawai babu.

Manajanmu, Pan Kubesa, ya taho yana haki.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne, Pan manaja. Mahaifina ne."

Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "To, Matulova, nan kanti ne, ba masauki ba. Kwashe shi kafin mai kanti ya gani."

Bozka ta ce ƙasa-ƙasa, "Shi ne dai mutum na farko da ya taɓa son gadon nan."

Mutane sun riga sun taru a tsallaken titi, kowa ya ɗaga kai. Na tashe shi, na ɗaura masa igiyar takalmi, na mayar da shi gida a jirgin titi mai bin dogo a cikin gari. Na jira in ji kunya ko in yi kuka, ba wanda ya zo. Na dafa miyar dankali muka ci.

Ƙanwarka,
Otilie

Cleveland, Nuwamba 1930

Tilka ƙanwata,

Takardarki ta same mu lafiya. Yaron ya fara rarrafe, yana cin duk abin da ya tarar a ƙasa. Agnes tana gaishe ki. Ki ba Baba zuma da albasa saboda tarin nan, kamar yadda Mama ke yi.

Wallahi kin iya ba da labari. Na karanta wa Agnes zancen takalman nan, muka yi dariya har ta shaƙe. Wannan Baba ne sak, shekara arba'in yana yin burushi, ko girgizar ƙasa ba ta hana shi barcin rana. Ki gaya wa Bozka ɗin nan ta ci gaba, bakinta zai kai ta nesa.

Amma ki daina ce wa wurin gidanmu. Kin manta yadda yake ne? Bangon ɗakin girki yana zufa rani da damina, takalmi in ya kwana biyu a lungu sai ya yi fumfuna, rana ba ta shigowa sai ta roƙi izini. Wannan danshin ne ya ci huhun Mama, ba wani abu ba. Ni na matsa a sayar, kuma ko yau aka dawo da maganar zan sake matsawa. A nan na ga abin da ƙarfe da gilashi ke yi wa gari. Ina alfahari cewa a ƙasar da aka haife ni aka fara irinsa a titinmu. Matan kabeji su yi ta surutu, jikokinsu za su gode.

Maganar Baba kuwa ba wuya. Ki kulle ƙofa in za ki fita, ki bar makulli wajen maƙwabciya ta riƙa leƙa shi. Zai saba, kowa yana sabawa. Ni ma na yi shekara a nan ina farkawa ban san inda nake ba.

Aiki ya ɗan yi sanyi a masana'anta, an rage mana kwanaki, amma abin wucewa ne. Ki nemo min hoton ginin da dare, fitilu a kunne, in nuna wa mutanenmu na nan.

Yayanki,
Hynek

Brno, Janairu 1931

Yaya Hynek,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun shiga lafiya. Tarin Baba ya lafa. Hannunsa na dama ne a naɗe, zan zo kan wannan. Ni ina nan.

Na ji daɗi da kuka yi dariya. Ban san abin dariya na rubuta ba, amma na sake tunani na ga kamar akwai.

Na kulle ƙofar kamar yadda ka ce. Ya yi ta bugun ta da hannu, daga fitata har dawowata, kullum. Ba ya ihu, ba ya zagi, bugu kawai. Maƙwabciya ta dawo min da makulli ta ce ita ba mai gadin kurkuku ba ce, mijinta kuma aikin dare yake yi. Kafin Kirsimeti na dawo na tarar fatar yatsunsa ta fashe, ƙofar duk ta ɓaci. Na wanke ƙofar, na naɗe hannun. Kifin Kirsimeti da na ajiye da ransa a baho shi ne kaɗai wanda ya yi wa hira a watan nan, da muka yanka shi kuma ya ƙi ci.

Daga nan na daina kullewa. Yana fita, kuma ka san inda yake zuwa. Mai tsaron ƙofa ya kore shi, ya zagaya ta ƙofar kaya. Na riga na haɗa 'yan komatsaina ina jiran sallama.

Sai ran nan wasu mata da miji suka hauro daga titi, ƙanƙara a kafaɗunsu, suka tsaya a kan Baba yana minshari. Matar ta ce wa mijin, "Ka ce gadon sanyi gare shi. Ga tsoho nan, ya yi maka kama da mai jin sanyi?" Suka saya. Kafin mako ya fita an sayi wasu.

Pan Kubesa ya kira ni ofis, har da ba ni kujera.

"Matulova, tsohonki yana son gadon, gadon kuma yana son tsohonki. Me zai hana mu bar su? Ya zo kullum, ya ci abinci tare da ma'aikata, ya hau ya yi barcinsa. Ba wanda zai taɓa shi. Ɗan allo kawai za mu sa a gilashi."

Na ce, "Pan manaja, ai gari duka zai riƙa kallonsa."

Ya ce, "To, don me aka yi ginin?"

Na je wajen Kawu Leopold, tunda shi kotu ta ɗora a kan al'amuran Baba. Bai daina yanka tsiren aladensa ba ya ce akwai gado a gidan gajiyayyu na sistocin coci a bayan gari, ko yau aka so. Game da kanti kuwa, ya ce shi ba ya bin wannan titin, abin da bai gani ba bai dame shi ba. Ya ce kai ne ɗa namiji, abin da ka faɗa shi zai yi.

Don haka biyu ne, Hynek, gilashi ko sistoci. In na bar aiki na zauna da shi, ba mu da abin ci, kuma bugun ƙofar ba zai tsaya ba. Kada ka tambaye ni wanne nake so. Na duba cikina ban tarar da komai ba. Ka amsa da wuri.

Otilie

Brno, Afrilu 1931

Yaya Hynek,

Ina gaishe ka da Agnes da yaro. Allah ya sa lafiya ce ta hana ka rubutu. Baba ya yi ƙiba, sai da na matsar da maɓallin wandonsa. Hannun ya warke.

Na jira amsarka har ƙanƙara ta fara narkewa. Pan Kubesa ya gaji da jira, Baba kuma dama bai san ana jira ba. Na ce to.

Da farko sun sauko da gadon zuwa tagar ƙasa, bakin titi, don a fi gani. Baba ya wuce shi ko kallo bai yi ba, ya hau sama ya kwanta a kan dandamali a kusurwarsa. Dole suka mayar da gadon. An rubuta a allon, da manyan baƙaƙe, "Barci irin na gida." Ba ni na zaɓi kalmomin ba.

Ya kwaso tsohon bargonsa na gashin agwagwa, mai jan zanen nan, ya ƙi na kanti. Mai zanen ginin ya zo da kansa, tabarau na rawa.

"Wannan jan abin yana ɓata min fuskar gini! Daga dandali ake hango shi!"

Pan Kubesa ya ce, "Madalla. Fuskar gininka ta yi wata uku ba ta sayar min da gado ko ɗaya ba."

Yanzu kwandastocin jirgin titi in sun iso wurin sai su ce, "Gidan Kaka, masu sauka!" Ɗalibai suna tsayawa a tsallake suna caca a kan ɓangaren da zai juya. Matan Kasuwar Kabeji suna bar masa tuffa da burodi wajen mai tsaron ƙofa, su tsine wa kantin, gobe su dawo. Akwai masu dariya, akwai masu nuna shi da sanda. Ina ganinsu duka daga inda nake ninke zannuwa. Bozka takan matsa jikin gilashi ta yi musu gwalo in manaja ya juya baya.

Ga abin da nake so ka sani. In ya farka, yakan zauna a bakin gadon, ya dubi hasumiya, ya juyo ya ce, "Tilka, an ɗora kofi?" Da sunana, Hynek. Ya tambayi ko ka dawo daga makaranta, ya yi min faɗa a kan gashin da na yanke, ya ba Bozka labarin yadda ake zaɓen gashin alade na burushi. Yana nan a haka, mutum sosai, har a kunna fitilun waje. Daga nan sai ya fara dusashewa, in kama hannunsa mu tafi. Da dare ma yanzu yana barci.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin mutanen da ke ƙasa. Ya leƙa ya ce, "Yau kasuwa ta cika. Allah ya sa su tuna da burushi."

Ban ce abin yana da kyau ba. Ina gaya maka yadda yake ne kawai.

Otilie

Toledo, Yuni 1931

Otilie,

Muna raye. An rufe masana'anta tun Janairu, muka bar Cleveland, muna zaune a ɗaki ɗaya a gidan wan Agnes. Takardunki biyu sun yi ta yawo, sai makon jiya suka iso tare. Amma sun makara, na riga na gani da idona.

Ranar Lahadi na je zauren mutanenmu na nan. Wani ya samo mujalla daga gida, ana ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Shafi guda cur hoton kantin ne, fitilu a kunne. Na miƙe tsaye kamar wawa na ce, "Ku duba da kyau, a kan ƙasar ubana aka gina wannan." Aka tafa min. Sai aka juya shafi. Ga Baba, baki a buɗe, bargon Mama a kansa, ga taro a ƙasa suna washe haƙora. Wani ɗan unguwar Zidenice ta can garinmu ya ce, "Kai, Matula, ba tsohonka ba ne wannan? Ana biya ne a kalle shi, ko kyauta ne?" Ban san lokacin da na kai masa hannu ba.

Mutumin da bai taɓa fita titi ba kwala a wuyan rigarsa ba. Mutumin da ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa ganinsa ba riga ba. Shi kika shimfiɗa a taga kamar naman mahauta.

Na karanta takardunki ina neman inda kika ce kin ji kunya, ko zuciyarki ta yi zafi. Babu. Kina ba ni labarin tuffa da ɗalibai kamar mai ba da labarin yanayi. Wurin nan ya mayar da ke wani abu da ban sani ba. Ko kuwa tsoron rasa aikin ne ya fi miki uba?

Na buga wa Kawu Leopold wayar tangarahu yau. A kai shi wajen sistoci. Can aƙalla akwai bango.

Hynek

Brno, Yuli 1931

Yaya,

Na yi baƙin cikin jin zancen aikinka. Allah ya kawo wani. Ka gaida Agnes da ɗan'uwanta. Baba yana da rai, yana cin abin da aka sa masa a baki.

Wayarka ta riga takardarka isowa, don haka an gama komai kafin in san dalili. Kawu ya zo da sistoci biyu da motar haya, ya zaɓi lokacin barci don ya ce a nan ne za a same shi ba gardama. Na roƙe shi ya bari ya farka da kansa. Ya ce direba yana jira. Suka ɗaga shi yana tsakiyar barci, ƙafa ba takalmi. Titi a cike yake kamar kullum, kowa ya gani. Wata mai kabeji ta yi ta ihu daga ƙasa, "Ku bar shi, marasa tsoron Allah!" Ba a jin ta sosai ta cikin gilashi, bakinta kawai na karanta. Aka sauke shi ta lif ɗin kaya. Na bi su da takalman a hannu.

Wurin yana da tsabta. Ɗaki ne dogo, gadaje jere, tagogi can sama, an shafa wa rabinsu farar ƙasa. Sistocin ba mugaye ba ne. Da an gama abincin rana sai ya tashi ya nufi ƙofa, don haka suke ɗaure shi a kujera da zanin gado har yamma. Sun ce don kada ya faɗi a matakala. Ina zuwa ranar Lahadi. Yana tambayata yaushe za mu koma gida, amma ba ya kiran sunana. Ba mai ganinsa yanzu, in wannan ne damuwarka.

Ka ce ba ka ga kunya a takarduna ba. Gaskiyarka. Ina jin ta ƙare min tun ranar da na durƙusa ina goge ƙofa da tsumma. Ba na fushi da kai, na ma gwada. Da safe ina tashi, in hau jirgi, in ninke zannuwa, in dawo. Ɗakin ya yi shiru, ina barci kamar dutse, wannan kuma shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Aikin yana nan, ba a kore ni ba. Kana iya ƙara wannan cikin laifuffukana.

Otilie

Toledo, Satumba 1931

Tilka,

Muna lafiya. Na samu aikin wanke motoci, rabin yini. Yaro yana tafiya. Yaya ƙafafunki?

Agnes ta ɗauki takardunki ta jera su bi da bi, ta ce in zauna in karanta daga farko, da ƙarfi, kamar ɗan makaranta. Da na zo inda ya ce "Tilka, an ɗora kofi?" na kasa ci gaba. A karon farko idona ya bi ta kan layin nan bai tsaya ba, don ina neman abin da zan yi faɗa a kansa. Ban ma ga inda ya tambayi ko na dawo ba.

Kunyar tawa ce, ba tasa ba. Wani ɗan Zidenice ya yi min dariya a zauren da ke wancan gefen teku, sai na sa aka ɗaure ubana a kujera. Abin da na ce miki game da aiki, ki yafe min in za ki iya.

Na rubuta wa Kawu na janye maganata. Ki mayar da shi gadonsa. Su kalla, su yi caca, su sa shi a mujalla goma. In ya farka ki ce masa na dawo daga makaranta, ina wanke hannu.

Yayanki,
Hynek

Brno, Nuwamba 1931

Yaya Hynek,

Na gode da takardarka. Na ji daɗin labarin aikin da tafiyar yaro. Ƙafafuna yadda ka san su. Na yafe maka, ba wani abu ba ne mai nauyi. Baba lafiyarsa ƙalau a jiki.

Akwai abin da ban gaya maka ba, don ban ga amfaninsa ba a lokacin. Bayan an tafi da Baba ciniki ya faɗi, sai Pan Kubesa ya liƙa sanarwa yana neman tsoho mai iya barci. Masaƙu suna ta rufewa a garin nan, layin tsofaffi ya zagaye kusurwar ginin. Ya zaɓi wani masaƙi, Pan Ondra, mai farin gashin baki. Ba ya barcin gaske, rufe ido kawai yake yi, jikoki huɗu ke ci daga gadon nan. Mutanen titi da yawa ba su ma lura an canja ba.

Da Kawu ya sa hannu a sallamo Baba, na je na sami Pan Ondra da kaina. Bai bari na gama ba ya ce, "'Yata, ai gadonsa ne, aro nake yi. Ki ɗaga min hannu kawai in tashi. Ni sai in koma share matakala." Pan Kubesa ma ya yarda, ya ce na asali ya fi.

Na ɗauko Baba ranar Talata bayan abincin rana. A hanya sai da na tallafe shi, ƙafafunsa sun manta tafiya. Amma da jirgi ya sauke mu ya hango hasumiya, sai ya fizge hannunsa. Mai tsaron ƙofa ya tare ni yana murna, "Kaka ya dawo! Kaka ya dawo!" Kafin in kuɓuce masa Baba ya kai rabin matakala. Ban taɓa zaton zai riga ni ba.

Na iso na same shi tsaye a kusurwa, ya ɓalle maɓalli biyu na falmaran. Pan Ondra yana kwance, ido a rufe, yana aikinsa, takalmansa a jere a ƙarƙashin gado. Baba ya dube shi, ya dubi takalman, ya daɗe. Sai ya mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya cire hula.

Bozka ta ruga ta girgiza Pan Ondra. Ya zabura ya sauko da safa, yana gyara bargo.

"Ga gadonka, Pan Matula, hau. Ɗumama maka shi nake yi."

Baba ya rusuna ya ce, "A'a, mai gida, koma ka kwanta. Ka yi haƙuri, mun tashe ka. Ɓatan kai muka yi."

Na ce, "Baba, nan ne. Dubi hasumiya. Ni ce Tilka. Hynek ya dawo daga makaranta, yana wanke hannu."

Ya juyo ya yi min murmushi irin wanda yake yi wa masu sayen burushi.

"'Yammata, taimaka ki nuna min ƙofa. Kada a ce na shiga gidan mutane."

Na nuna masa. Na sake kawo shi ranar Alhamis, gadon ba kowa, da jan bargonsa a shimfiɗe. Ya tsaya a bakin titi ya ƙi shiga, ya ce akwai masu gida a ciki. Na sake gwadawa a mako na gaba, bai ko ɗaga kai ba.

Yana wajen sistoci. Tun ranar bai ƙara tambayar yaushe za mu koma gida ba. Bayan abincin rana yana zama inda aka ajiye shi, hula a kan gwiwa. Babbar sista ta tare ni ranar Lahadi da fara'a, ta ce ya samu sauƙi ƙwarai, har sun daina ɗaure shi.

Ba sai ka sake rubuta wa Kawu ba, babu sauran abin da za a yanke. Ka gaida Agnes.

Ƙanwarka,
Otilie